Danne fure a Legas: me ya sa yake yin fumfuna kafin ya bushe?

Maman Ilham, Agege: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah akwai wanda ya iya busar da fure ta hanyar danne shi cikin littafi? 'Yata ce aka ba su aiki a makaranta, su kawo busassun ganye da furanni a manne a takarda, ni kuma da na ga hotunan yadda mutane ke yi sai abin ya shiga raina, ina so in koya don kaina. Amma duk wanda muka sa, in an buɗe sai a tarar ya yi baƙi, wani har da fumfuna, shafin littafin ma ya yi tabo. Har bulo muka ɗora a kai. Nauyin ne bai isa ba?

Alhaji Tanko, Mile 12: Ikon Allah. Mu dai shanyar da muka sani ta kuɓewa ce da kuka da kauɗar tumatir, abin da zai shiga tukunya. Yanzu kuma har fure? Hajiya, in lokaci ne ya yi miki yawa ki zo kasuwa ki taya mu tsince barkono.

Anti Rabi, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Rabu da Alhaji, tsokana ce. Matsalarki ba nauyi ba ne, ko tirela kika ɗora masa haka zai yi. Ruwa ne. Ɗanyen fure kusan dukkansa ruwa ne, in kin danne shi ruwan nan cikin takarda yake shiga. In takardar ta jiƙe aka bar ta yadda take, to furen na kwance ne cikin laima, a rufe, ga ɗumi, fumfuna kuwa ba ta neman abin da ya wuce haka. Masu bidiyon da ke cewa a sa a littafi a manta da shi har wata guda, iskar garuruwansu a bushe take. A Kano ma da hunturu za ki iya yin haka ki kwana lafiya. Amma a garin da takalmin fata ke yin fumfuna cikin durowa, ba a mantawa da fure.

Ga yadda nake yi da 'yan ajina. Ki nemi tsohuwar jarida, ta baƙi da fari, ba mujalla mai sheƙi ba, don mai sheƙi ba ta shan ruwa. Ki shimfiɗa kwali, ki ɗora jarida ninki uku ko huɗu, sai farar takarda falle ɗaya, sai furen, sai wata farar takardar, sai jarida, sai kwali, sannan nauyi. Farar takardar ba a canza ta, ita ce rigar furen, da ita za ki riƙa ɗaga shi. Jaridar ce ake canzawa, kullum a satin farko, in damina ce safe da yamma a kwana biyun farko. Wadda kika cire ki baza ta ta bushe, gobe ta sake amfani. Bayan sati ɗaya sai ki rage, duk kwana biyu ko uku. Siririn fure sati 2 ya ishe shi, mai ɗan kauri 3 ko 4.

Kuma kada ki yi amfani da tishu mai zane-zane a jiki, zanen zai fito raɗau a kan furen.

Maman Ilham, Agege: Allah ya saka da alheri Anti. Ashe canji ake yi. To kwalin fa, mene ne amfaninsa tunda ga jarida?

Anti Rabi, Idi-Araba: Ki dubi gefen kwalin indomi, za ki ga 'yan ramuka a jere tsakanin fallayensa. Ta nan iska ke ratsawa ta kwashe laimar. Shi ya sa in za ki jera hawa-hawa, ki sa ramukan duka su fuskanci gefe ɗaya, ki juya gefen nan wajen fanka ko taga.

Ustaz Bashir, Obalende: Salamu alaikum. Ba ni da ilimin fure, amma ina da tunatarwa guda biyu. Na san tun muna yara ana sa ganye ko gashin tsuntsu cikin littafi, wasu har cikin Alƙur'ani. Don Allah kada a mayar da Mus'hafi ko littattafan addini abin danne fure, balle a ɗora musu bulo, ga kuma ruwan furen da zai ɓata shafi. Na biyu, jaridar da za a shimfiɗa a duba ta tukuna, musamman ta ranar Juma'a, sau da yawa akwai ayoyi da sunan Allah a ciki. Wannan a ware ta gefe.

Maman Ilham, Agege: Gaskiya ne Ustaz, na gode. Tsohon littafin lissafi ne muka yi da shi.

Zainab, Yaba: Anti Rabi ki yi haƙuri, amma wa ke da lokacin canza jarida safe da yamma a Legas? Mutum ya fita tun asuba, ya dawo bayan isha'i ya sha cunkoson Ikorodu Road, ya zauna kuma yana canza wa fure zani? Ni ayan na guga nake sa masa. Takarda sama da ƙasa, a rage wuta, a kashe tururi, a danna kamar daƙiƙa 10 zuwa 15, a ɗaga ya huce, a sake. Ba a gogawa, dannawa kawai ake yi. Kafin ki gama shan shayi ya bushe. Aikin Ilham ma in gobe ne za a kai, wannan ce mafita.

Anti Rabi, Idi-Araba: In gobe za a kai, na yarda. Amma Zainab ki ajiye na ayan da na haƙuri gefe da gefe ki dawo bayan wata shida mu yi magana. Na ayan yakan fito da duhu-duhu, gefensa ya ƙone, kuma ya cika karyewa. Dafa shi kika yi, ba busarwa ba.

Zainab, Yaba: Nawa dai ba su ƙone ba Anti. Ya danganta da hannu.

Malam Nura, Akoka: Ku bari in shiga tsakani, tunda karatun tsirrai na yi kuma danne ganye na cikin abin da aka wahalar da mu a kai. Kowaccenku na da rabin gaskiya. Abin da ke sa fure yin baƙi shi ne abin da ke sa doya ko dankali yin duhu in an yanka an bari. Akwai sinadari cikin tsiron da ke haɗuwa da iska ya rine shi, kuma muddin akwai ruwa a jikinsa aikin nan ba ya tsayawa. Saboda haka tsere ake yi: ruwan ya fita kafin launin ya lalace. Ta nan Zainab ta yi daidai, sauri na da amfani. Inda Anti ta yi daidai shi ne zafi mai yawa shi ma yana kashe launi, kuma ruwan da ke cikin fure mai kauri tafasa yake yi a ƙarƙashin ayan.

Abin da masu wannan aiki ke yi a ƙasashe masu laima shi ne tsaka-tsaki. Ana danne tsiron yadda Anti ta faɗa, a ɗaure tam, sannan a kai ƙunshin gaba ɗaya wuri mai ɗumi, iska mai ɗumi na bi ta ramukan kwalin. Ɗumi, ba zafin girki ba. A gida kuna iya ɗora shi a kan kwanon rufi ko baranda da rana, a rufe yadda yake, rana ta gasa kwalin ba furen ba. A shigo da shi kafin magariba, don raɓa da laimar dare za su mayar da aikin baya. Bayan firji ma akwai ɗumi in da wuta. Mai mota ya bar shi a but in motar na tsaye a rana.

Kuma ku san da garin da kuke. Laimar iskar Legas da damina takan haura kashi 80 cikin 100, watan Yuni ne ma ya fi kowane wata ruwa. Kano da hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20. Wanda ke son fara koyo ba tare da ɓacin rai ba, daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa, ko ɗan tsagaitawar ruwan nan ta watan Agusta.

Zainab, Yaba: To Malam, na'urar ɗumama abinci fa? Na ga ana yi.

Malam Nura, Akoka: Ana yi, a tsakanin tayil biyu da takarda, daƙiƙa 20 ko 30 a ƙaramar wuta, a fitar a duba. Amma ban da ƙarfe ko kusa a ciki, kuma kada ki matsa daga wurin, takarda na kamawa da wuta. Ga mai koyo ban ba da shawararta ba.

Baba Ɗanjuma, Ikoyi: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini. Ni gadi nake yi a nan Ikko tun kafin a haifi wasunku, kuma gidan da nake akwai lambu. Duk ƙarshen mako mai kula da lambun yana aske furannin katanga, ya tara su buhu-buhu a zubar. Mai so ya yi magana in ajiye masa. Amma ina roƙonku kada wani ya je yana miƙa hannu ta kan katangar mutane yana tsinka, ko a wuraren shaƙatawar gwamnati. Mu ake tambaya in an ga an taɓa. Ku yi sallama ku roƙa, ba wanda zai hana ku fure.

Maman Ilham, Agege: Allah ya ƙara girma Baba. Wane iri ne a gidan?

Baba Ɗanjuma, Ikoyi: Mai ƙayan nan ne da ke hawa katanga, akwai ja, akwai ruwan hoda, akwai fari. Sai wani mai farin fure da rawaya a tsakiya, mai ƙamshi, bishiyarsa na fitar da nono in an karya. Sai jan nan babba mai dogon harshe a tsaka.

Anti Rabi, Idi-Araba: Baba ka gama mana komai. Na farkon shi ne bogenbiliya, kuma duk Legas babu abin da ya kai shi sauƙi ga mai koyo, don tun yana kan reshe a bushe-bushe yake. Maman Ilham, in kin same shi ki duba da kyau. Abin da ke da launin nan falle uku ne, kowanne da jijiyoyinsa, a tsakiyarsu kuma akwai 'yan tsiraran farare guda uku. Waɗannan fararen su ne ainihin furen, masu launin ganye ne da ya rikiɗa. In kin danne shi a dunƙule, fallayen za su hau kan juna su yi ninki. Ki raba su ɗaya-ɗaya da yatsa, kowane falle zai taho da ɗan farinsa a manne, ki kwantar da su kada wani ya taɓa wani. In sun bushe ki ɗaga ɗaya a haske ki ga jijiyoyin.

Na biyun, mai nono, ki bar shi a bishiyarsa ki more ƙamshinsa. Kauri gare shi, baƙi yake yi komai dabararki. Jan mai dogon harshe ɗan uwan zoɓo ne da kuɓewa da rama, duk gidansu ɗaya, kuma duk suna da yauƙi. Shi na tabbata irinsa kuka sa a littafin. In dole sai shi, ki sa reza ki cire harshen da gindin nan mai kauri, ki danne fallayen biyar daban-daban, in sun bushe ki sake jera su a takarda. Amma ki sani jan ba zai zauna ba, zai koma ruwan hanta.

Maman Ilham, Agege: Wallahi shi ne Anti! Shi da wardi guda da aka ba Ilham a wajen biki.

Anti Rabi, Idi-Araba: Wardi kuma ai curi ne. Ko a tsaga shi biyu daga sama zuwa ƙasa a rage na cikin, ko a ɓare shi falle-falle.

Malam Nura, Akoka: Kan batun jan da ke sauyawa, duk mai dafa zoɓo ta san abin. In kin matsa lemon tsami jan ya ƙara haske, in kanwa ta taɓa shi ya yi duhu ya juya. Sinadarin da ke ba zoɓo launi shi ne a cikin mafi yawan furanni ja da shuɗi da shunayya, kuma ba shi da juriya, haske da laima na cin sa. Rawaya da ruwan lemo galibi wani sinadari ne daban, irin na karas da manja, sun fi riƙe launinsu a wajen danna. Fari shi ne mai wuyar sha'ani, don ba shi da abin da zai ɓoye duhun. Saboda haka mai koyo ya fara da rawaya. Furen tafasa da na rai-ɗore suna nan birjik a kangaye da bakin layin dogo, ba mai kula su.

Alhaji Tanko, Mile 12: Tafasa! Yanzu tafasar da ake kwaɗo da ita ce za a sa a gilashi a rataye a falo? Jama'a ina tambaya da gaske, ba tsokana ba wannan karon. Mene ne amfanin abin? Ba a ci, ba a sha, ba magani. Wannan al'adar mutanen da suka ƙoshi ce. Yaranmu a nan Hausa ma tana neman gagararsu, a koya musu abin da zai amfane su mana.

Zainab, Yaba: Alhaji ana sayarwa fa. Katin gayyatar biki, alamar shafin littafi, bayan waya, firam na ado. Amare na ba da furen bikinsu a busar musu su ajiye.

Anti Rabi, Idi-Araba: Zainab ni ba zan yaudari kowa da maganar kuɗi ba. Mai yiwuwa a Lekki akwai masu saye, amma wanda ya shiga don riba tun kafin ya iya, zai bari a wata na biyu. Alhaji, ba komai ne sai an ci ba. Zanen da ke jikin hularka ci ake yi? Matar da ta wuni tsakanin girki da wanki da hayaniyar janareta, in ta sami abin da za ta zauna ta yi da hannunta cikin natsuwa, wanda bai ci mata ko sisi ba sai tsohuwar jarida, ni ban ga asara ba.

Kuma maganar yaran da ka kawo, ita ce ma hujjata. 'Yan ajina a nan aka haife su. Sun san kuka a leda, gari, amma ba su taɓa ganin ganyenta ba. Da wata uwa ta dawo daga gida ta kawo mana ganyen kuka da na tsamiya da na magarya a danne cikin kwali, yaran nan cewa suka yi ashe kuka yatsu biyar gare ta. Yanzu kowa na da littafinsa, ganye a sama, suna a ƙasa. Kalmar da yaro ya manna da hannunsa ba ya mantawa da ita.

Malam Nura, Akoka: Alhaji bari in ƙara maka. Wannan aiki asalinsa ba ado ba ne, na masu magani ne. Wani malamin likitanci a Italiya, Luca Ghini, shi ake dangantawa da fara shi wajajen 1540, don ɗalibansa su iya ganin tsirran magani ko a lokacin sanyi da babu ganye. Wasu daga cikin abin da ɗalibansa suka danne suna nan har yau, shekara kusan 500. A nan ƙasar, wani likita ɗan Sikotilan, Dalziel, da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya bi yana tambayar mutanenmu sunayen itatuwa yana danne samfurinsu, ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Bishiyar hano ma sunansa aka liƙa mata a sunanta na kimiyya. Ma'ajiyar tsirrai ta Kew a Landan na da samfuri wajen miliyan 7. A Ibadan akwai babbar ma'ajiya a cibiyar binciken gandun daji, a Jami'ar Legas nan Akoka akwai, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai. Duk mai binciken maganin gargajiya sai ya kai ganyensa irin waɗannan wurare an gwada da na ajiye, an tabbatar shi ne, kafin a karɓi aikinsa. Ilimin kakanninmu ne, amma wanda ya danne ya rubuta shi ne yau ake ambata.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda zai fara, ko don ado ne, ya rubuta abu uku a bayan takardar da fensir: sunan tsiron, inda aka tsinko, da kwanan wata. Fensir, don biro na narkewa da laima.

Alhaji Tanko, Mile 12: To wannan na Malam Nura na ji shi. Na magani da na suna na yarda. Na rataye tafasa a falo ne dai har yanzu ban gane ba.

Baba Ɗanjuma, Ikoyi: Malam, a garinmu da farkon damina akwai wani da ke fitowa a ƙasa, ganye huɗu a shimfiɗe, fure rawaya a tsaka, muna ce masa takalmin zomo. Rabona da ganinsa tun ina saurayi.

Malam Nura, Akoka: Baba ai shi ne furen da ke wakiltar ƙasarmu, shi ne a ƙasan tambarin Najeriya inda dawakan nan biyu suke tsaye. Sai dai a tambarin ja ake zana shi, alhali rawaya ne. In wani zai je gida da farkon damina ya danno mana.

Maman Ilham, Agege: Anti, tambaya biyu. Yaya zan gane ya bushe? Kuma da me ake mannawa?

Anti Rabi, Idi-Araba: Ki ɗaga shi da hantsaki, kada da yatsa, ki ɗan taɓa shi a leɓenki na sama. In kin ji sanyi, da sauran ruwa, mayar da shi. In kin ji shi kamar takarda, ba sanyi, kuma da kin riƙe gindinsa ya tsaya bai lanƙwasa ba, ya yi. Wurin da ya fi kauri za ki gwada, gindin furen, don gefe na riga tsakiya bushewa.

Mannawa kuma farin gam na kafintoci, irin Top Bond. Ki ɗiga kaɗan a murfin kwalba, ki tsoma tsinken sakace, ki ɗan ɗiɗɗiga a bayan furen wurare uku ko huɗu. Kada ki shafe shi duka, gam ruwa ne, zai dawo miki da laimar da kika sha wahalar cirewa. Ban da salatif, yana yin rawaya ya bar tabo. Ban da gam ɗin kwaki ko na fulawa, wannan gayyatar kyankyaso ce.

Abin da na manta tun farko: lokacin tsinka. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kuma ba ranar da aka yi ruwa ba. Wanda ya buɗe yau, ba wanda ya fara yaushi ba. Kada ki wanke shi. In daga Ikoyi za a kawo miki Agege, a sa shi cikin kwali da jarida tun a can, in ba haka ba kafin ya haye gada ya laushe.

Ummi, Ojo: Ina bin ku shiru tun ɗazu. Ni furen da ke kan ruwa ne ke burge ni, mai ruwan shunayya da ke toshe wa jiragen ruwa hanya ta wajen Ikorodu da Badagry. Zai dannu?

Malam Nura, Akoka: Kyau kam yana da shi, amma ruwa ne zalla, narkewa yake yi a takarda. Baƙo ne ma, asalinsa Kudancin Amurka, a 1984 ya shigo ruwan Legas ta Badagry. Ki gwada ganyen zogale da na dogonyaro, da ganyen nan mai tsaga-tsaga da ke fitowa a jikin bishiyar kwakwar manja da tsofaffin katangu. Kan ciyawa ma na yin kyau ƙwarai. Masu yara kuma a kiyaye: ban da tumfafiya, nononta na illa ga ido, ban da zaƙami. Furannin ado da yawa ma guba ne in an tauna, a wanke hannu in an gama.

Habu Kafinta, Alaba Rago: Ni abin da na fahimta, kuna bukatar katako biyu da abin matsewa. Filawud mai kauri, inci 12 kowane gefe, huda huɗu a kusurwa, dogayen bol da noti mai kunne wanda ake juyawa da hannu. Ragowar katako na nan a shago, kuɗin bol kawai za a biya. Amma bulon Hajiya ma ai yana yi.

Anti Rabi, Idi-Araba: Yana yi Malam Habu, sai dai bulo ba ya ɗaukuwa zuwa rana da dawowa. Ka yi mana, amma kada ka shafa masa fenti ko wani mai, a bar katakon ya yi numfashi. Kuma a riƙa ƙara matse notin bayan kwana biyu, don in fure ya sake ruwa yana raguwa, in ya sami sarari sai ya yamutse.

Zainab, Yaba: Saura ajiya. Ni kai nawa nake yi a yi musu laminetin, an huta da ƙwari da laima gaba ɗaya.

Anti Rabi, Idi-Araba: Ga alamar littafi ba laifi. Amma na'urar zafi gare ta, kuma in da ɗigon laima a ciki kin kulle shi har abada, za ki ga hazo ya taru a kewayen furen. Ba kuma a sake fitar da shi. Ni roba mai murfin da ke kamawa tam nake sa su, a tsakanin fararen takardu, in jefa 'yan ƙunshin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko jaka, masu shan laima. A ɓoye su daga yara dai, kada su ɗauka sukari ne. Ƙwayar kafur ɗaya a gefe saboda ƙwari. Wanda aka sa a firam kuma a rataye shi bangon da rana ba ta bugawa, kuma ba bangon da ke jiƙa da damina ba.

Malam Nura, Akoka: A ma'ajiyar tsirrai firiza ake sa samfuri na kwanaki, a cikin leda a ɗaure, sanyi ya kashe ƙwari da ƙwansu. A gida sai wanda wutarsu ke zama, don in ana ɗaukewa ana kawowa gumi zai yi ya jiƙe.

Zainab, Yaba: Wato mu 'yan Yaba an cire mu ke nan. Ina nan kan laminetin ɗina.

Maman Ilham, Agege: Baba, don Allah a ajiye mini mai ƙayan, ja da ruwan hoda. Mijina na bi ta Obalende ranar Asabar, zan ba shi kwali da jarida ya kawo maka. Malam Habu, a sa ni a layi.

Alhaji Tanko, Mile 12: Tunda kun nace, kwali kam kada wanda ya saya. Akwai su jibge a bayan rumfarmu, mai so ya aiko.

Anti Rabi, Idi-Araba: Mun gode Alhaji, amma ban da wanda ya kwana kusa da kwandon tumatir. Na sabulu ko na taliya, busasshe, wanda ramukansa ba su murƙushe ba.

Alhaji Tanko, Mile 12: Kyauta ma sai an zaɓa! To na shagon ƙanena zan sa a ware muku, shi kayan masarufi yake sayarwa. Ku faɗi guda nawa kafin Alhamis, don masu gwangwan na zuwa kwashewa.